Wanda Ba a Faɗa

Ƙarar moɗa ce ta fara. Ƙwas, ta bugi bakin randa, aka kamfaci ruwa aka shanye, aka mayar da ita, ƙwas. Ina ɗaki ina shayar da jariri, na ce a raina wane ne wannan mai ƙishi haka da hantsi, ga gari da sanyi. Da aka sake kamfata sai na ɗaga labule na leƙa. Mai gidana ne tsaye gaban randa, hularsa a hannu. Shi kuwa komi ne, wato magatakarda, a mangaza, ma'ajiyar gyaɗa ta bakin hanyar mota, in kakar gyaɗa ta kama ba ma ganinsa sai magariba ta gabato.

"Malam, lafiya?"

"Mura ce," ya ce. Ya yi tari a hannun rigarsa ya shige ɗakinsa.

Na dama masa kunu mai citta da yaji. Ya wuni kwance, ya kwana da zafin jiki, gari na wayewa ya sa takalmi ya koma aiki yana jan ƙafa, don gyaɗa ba ta jiran mai mura. Bayan 'yan kwanaki ya warware. Ba wanda ya sa wannan a layin ciwo, har ni.

A Agiye muke zaune lokacin, sabuwar tutar 'yancin kai ba ta cika shekara goma ba. Ni ɗiyar Tibiri ce. Mahaifina ya sa ni lakol, makarantar boko, zamanin da ake ganin wanda ya kai ɗiya mace lakol kamar ya zubar da ita, na kai har kolej, sannan aure ya kawo ni gabas. Surukata takan kira ni 'yar lakol in tana cikin raha, in ranta ya ɓaci kuwa Bagobira. Ita ce babba a gidan tun rasuwar mijinta, mai gidana kuma shi ne ɗanta na fari. Tsawon zamana da ita ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban ga ta dube shi ido da ido ba. In hatsi ya yi ƙasa sai ta tsaya tsakar gida ta faɗa wa iska: "Rumbu dai ya fara nuna gindi, masu kunne su ji." In baƙuwa ta tambaye ta 'ya'yanta, daga na biyu take fara lissafi. Ni ma a gabanta ba na ambatonsa, ko da Malam ɗin ne. Haka muke, mata biyu muna hidimar mutum ɗaya, ba mai faɗarsa.

Akwai wata mai nono da ke shigo mana kullum da hantsi, daga rugar da ke bayan rijiyar yamma. Danginta sukan sauka can duk rani, shanunsu su taka gonakin unguwarmu su bar musu taki, su kuma su sha rijiya. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, Hausarta a karye, tana tafe da 'yar ƙaramar ɗiyarta mai riƙe mata ludayi. Mun saba ƙwarai. Nakan buɗe faifan ƙwaryarta in ce, "'Yar ruga, nonon nan yau ya biya ta rijiya." Ita kuma ta ce, "Kaɗo, bakinka ne ya sha ruwa." Ranar da mai gidana ya dawo da zazzaɓi, bai daɗe da shiga ɗaki ba suka yi sallama. Yarinyar ta ce ƙishi, na kamfato mata da moɗar nan ta sha. Uwar ta ƙi, na matsa mata, ta juya baya ta kurɓa kaɗan, don su ba sa son a gan su suna ci ko sha.

Daga nan ciwo ya buɗe. Surukata ta kwanta, na bi ta, yara suka bi ni. Zazzaɓi ne mai karya gaɓoɓi, da tari busasshe mai tsaga ƙirji, mutum ya ji kansa kamar an ɗora masa turmi. Mun yi ta tofi da jiƙo, Allah ya tashi kafaɗunmu duka. Ba kowane gida ya yi wannan sa'ar ba. Tsofaffi sun tafi, jarirai sun tafi, maƙwabciyata ta katanga ɗaya ta rasa ɗiyarta da ba a yaye ba. A rediyo aka ce murar nan ta zagaya ƙasashe masu nisa kafin ta iso mu. Wannan bai sanyaya wa kowa rai ba. Abin da mutane ke so su sani shi ne ƙofar da ta shigo garinmu.

Sai ga mota daga Yamai da wani lokotoro, wato dokta, saurayi siriri mai tabarau, baƙar fata kamarmu amma ba ya jin Hausa sai gaisuwa. Majon likitarmu, wato babban ma'aikacin jinya na garin, shi ke yi masa jagora. Aka ce ba magani ya kawo ba, bincike ya zo yi, yana so ya gane yadda ciwon ke tashi daga wannan ya kama wancan. Maza ba sa shiga gidajen mutane, mata kuma su ne suka yi jinya, saboda haka mai gari ya aiko wa mai gidana a ba da aron 'yar lakol ta riƙa shiga tana tambayowa.

"Mai zuwa ba magani sai tambaya," in ji surukata, "ba lafiyarmu ta kawo shi ba."

Ba ita kaɗai ke wannan zato ba. Wasu suka ce ƙidaya ce a ɓoye, za a ƙara lanho, wato haraji. Wasu suka ce jinin da yake ɗiba a ƙananan kwalabe yana sawa cikin akwatin ƙanƙara, sayarwa za a yi a ƙasar Turawa. Yana da wani tsinke mai auduga a kai da yake shafa wa mutum a maƙogwaro, aka ce wanda aka shafa wa ba zai sake haihuwa ba. Mafi yawa kuwa ba su ce komai ba, sun dai tuna. 'Yan shekaru kafin nan an kwashi mutane a yankinmu saboda siyasa, jandarma suka tafi da su, wasu ba su dawo ba, kuma kowa ya san da tambaya aka fara: wa ya zo gidanka, da wa ka zauna, daga ina ya fito. Tambayoyin lokotoro kuwa kusan su ke nan. Ni kaina da nake fassarawa, in na dubi hannunsa yana rubutu sai in tuna da wannan. Na riƙa karanta Ƙulhuwallahu a zuci duk gidan da za mu shiga, ina roƙon kada bakina ya zama sanadin wani.

Da gidanmu aka fara, don mutane su ga ba komai. Surukata ta fito zaure ta zauna a gefen tabarma, ta ja mayafi har goshi. Lokotoro ya yi tambaya da Faransanci, na juya mata.

"Inna, ya ce a gidan nan wa ya fara kamuwa?"

"Ni."

"Sai wa?"

"Sai ke. Sai yara."

"Wa ke shigowa daga waje?"

"Wa zai shigo mana? Mai kitso jefi-jefi. Sai 'yar Fulanin nan mai nono."

Na mayar masa kamar yadda ta faɗa. Murar yini ɗaya ta namiji ba ta ko faɗo mini a rai ba, kuma a gaban surukata harshena bai saba bin wannan hanyar ba.

Muka yi ta bin gidaje. Lokotoro da majo su zauna a zaure, ni in shiga in fito. Mata suna amsa mini suna kallon hannuna, ko na riƙe wani abu. Kowace ta lissafa kanta, da kishiya ko facala, da ƙananan yara, da tsohuwar gida. In aka zo kan mai shigowa daga waje, sai a ce mai nono. Gaskiya ce kuwa, ba gidan da ba ta shiga a unguwarmu. Da abin ya yi ta maimaituwa, majo ya daina jira in fito, tun daga bakin ƙofa sai ya ɗaga murya: "Tambayo mana, nan ma Bafillatar tana shiga?" Masu zaman dakali suna ji. Kafin mu gama unguwa magana ta riga mu zuwa kasuwa: lokotoron Yamai ya gano, mai nono ce ta kawo.

Wata safiya na ji hayaniya a ƙofar maƙwabciyata. Na leƙa ta kan katanga. Mai nono ce tsaye, ta rame, ƙwarya a ka, maƙwabciyata ta tare ƙofa.

"Kin kashe mini ɗiya, kin dawo ki ga ko da saura?"

"Ni bai yi komai," in ji mai nono.

"Mi kika zuba a ciki? Faɗi. Ko kuwa ido ne? Mun san irinku."

Mai nono ta gyara ƙwaryarta. Ta kama hannun ɗiyarta ta juya. Da ta iso ƙofarmu ta yi sallama a hankali, surukata ta amsa daga ciki, "Mun hutar." Ni ina tsaye da ƙwarya a hannu, na dubi jaririna da ya tashi daga ciwo ƙashi da fata, na ji zuciyata ta rabu biyu. Na san zato zunubi ne. Amma na tuna yadda take rufe nonon da faifai, da yadda ba ta taɓa ɗanɗanawa a gabanmu, abubuwan da na gani shekara da shekaru ban kawo komai ba, ranar duk suka zama mini alama. Mai nono ta daina shigowa gari.

Lokotoro ya ce a kai shi ruga. Muka tarar da rabin mutanen kwance cikin bukkoki, tari ko'ina. Mai nono ta fito ta shimfiɗa mana tabarma, ba ta dube ni ba.

"Ya ce yaushe ciwon ya kama ki?"

"Jam," ta ce. Lafiya ke nan da yarensu.

"Ga shi kina tari, 'yar ruga. Kafin mutanen gari ne ko bayansu?"

"Jam tan. Lafiya lau."

Duk wanda aka tambaya a rugar amsarsa ke nan. Ba sa kai kukan ciwo ga baƙo, balle baƙon da ya zo da rubutu. A hanyar dawowa lokotoro ya cire tabarau yana goge su da bakin riga, ya ce mini, "Madam, ni ban ce ita ce ba. Akwai gidajen da ba sa sayen nono a wancan gefen gari, su ma sun kwanta, har sun riga wasu. Abin kamar igiya ce da aka yanke tsakiyarta, ina riƙe da baki biyu ba su haɗuwa." Ya mayar da tabarau, ya dube ni. "Ko dai akwai abin da mutanenku ke ɓoye mini?"

Na ce ban sani ba. A raina na ce ashe shi ma zarginmu yake yadda muke zarginsa. Na kuma lura majo yana ta kallon waje ta tagar mota. Na sha ganinsa da yamma yana shan shayi da mai mangazar gyaɗa, sai na fara saƙa wani abu game da shi, ban ma san mene ne ba.

Cikin makon nan labari ya zo cewa dattawa za su zauna wajen mai gari bayan sallar Juma'a, a ce wa mutanen ruga su tashi, kada su ƙara shan rijiyar yamma. Tsakiyar rani ne. Ba wata rijiya mai ɗaukar shanu sai an yi tafiya mai nisa wajen Gazawa, ga su kwance, ga maruƙa, ga ƙananan yara. Ko ba a faɗa ba kowa ya san wasunsu ba za su kai ba.

Ana saura kwana kaɗan ina tsakar gida ina tankaɗe, ɗiyata ta je randa. Ƙwas. Ta sha ta mayar, ƙwas. Rariya ta tsaya a hannuna. Na ga mai gidana tsaye a wurin da hula a hannu, na ga yarinyar ruga tana sha bayansa, na ga uwar ta juya baya tana kurɓa. A ranar lafiyarta ƙalau, har tana mayar mini da baƙar magana. Sai na shiga bin gidajen da muka zaga ɗaya bayan ɗaya a cikin kaina. Gidan kusurwa, mijin yana ɗinkin buhu a mangaza. Gidan mai kitso, ɗanta na fari ɗan dako ne a can. Maƙwabciyata, mijinta ke tsaye kan sikeli. Ba ɗayansu da aka ambata mini, ni kuma ban tambaya ba. Mace ba ta faɗar mijinta, uwa ba ta faɗar ɗan fari, mu kuma mata kaɗai muka tambaya.

Bayan magariba na kai wa mai gidana tuwo, na zauna daga gefe har ya wanke hannu, sannan na faɗa masa.

"Ai rabin mangaza tari suke kafin ni," ya ce. "Direbobin kamyo, manyan motocin kaya, masu kwana a can su suka fara, kowa ya sani. Ba wanda ya tambaye mu."

"To ka je ka faɗa wa lokotoro."

"In kai kaina? A ce daga mangaza ne, a rufe ta tsakiyar kaka, gari duka ya ce ni na jawo?" Ya daɗe yana juya buta a hannu. "Kuma Inna ta riga ta yi magana a zaure gaban baƙi. Ba ni zan fito in ƙaryata ta ba. In ita ta gyara, aka tambaye ni, zan faɗa."

Da safe na sami surukata tana kaɗi a inuwa. Na durƙusa na gaishe ta, na rasa ta inda zan kama, don maganar mutum ce wanda ni da ita ba mu taɓa yin maganarsa ba.

"Inna, ranar nan da aka dawo gida da hantsi."

"Wa ya dawo?"

"Aka dawo daga wajen aiki. Aka sha ruwa a randa, aka kwanta."

"Mutane da yawa suna shan ruwa a randar nan."

"Kafin ki kwanta ne, Inna. Kafin kowa. Kuma a ranar mai nono ta sha da moɗar, lafiyarta lau. Ina jin ba ita ta kawo mana ba. Mu muka ba ta."

Mazari ya ci gaba da juyawa. Ba ta ɗago ba.

"Bagobira, lakol ta koya miki lissafi, ba ta koya miki duniya ba. Yau yatsa yana kan 'yar ruga. In kika ɗauke shi daga kanta, ina kike zaton zai sauka? Kin manta waɗanda aka tafi da su? Su ma cewa aka yi tambaya ce kawai."

A nan na gane ba ta manta da ranar ba, ko kaɗan. Har yau ban san ko kunya ce ta rufe mata baki a zaure ba, ko tsoro ne ya samu kunya ya ɓuya a bayanta. Wataƙila ita ma ba ta sani ba.

"Juma'a za a tashe su daga rijiya," na ce. "Yarinyar nan mai riƙe ludayi tana kwance. In ta mutu a hanya, Inna, alhakin wa?"

"Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi. Ranar ba ta ci abincin rana ba. Ta daɗe kan buzu bayan azahar, ta daɗe bayan la'asar, casbi yana tafiya a hannunta. Washegari ina shara ta tsaya tsakar gida ta faɗa wa iska, kamar yadda ta saba: "A kira mai kwalaben nan."

Lokotoro ya zo shi da majo suka zauna a zaure. Ta fito da wani abu ƙunshe a bakin mayafi, ta zauna, ta kwance, ta ajiye a tsakiyar tabarma. Tsofaffin takalman mai gidana ne, na fata, waɗanda ya daina sawa. Ta kawar da kai wajen bango.

"Mai wannan," ta ce. "Kafin ni."

Lokotoro ya dubi takalma, ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Surukata ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Faɗa masa da yarensu, 'yar lakol. Ni ba na ji."

Na faɗa masa duka da Faransanci: ranar hantsi, da mangaza, da direbobi, da dalilin da ya sa ba a ambace shi ba. Ranar na fara maganar mijina a gaban uwarsa, tana zaune tana kallon bango kamar ana ruwa a wani gari. Lokotoro ya saurara har na gama. Ya ce su ma a wajensu akwai mutanen da ba a kama sunansu, sai dai bai taɓa kawowa za a fitar da mutum daga lissafin gida ɗungurungum ba. Ya tambayi majo ko bai san da wannan al'ada ba. Majo ya ce ya sani mana, uwarsa ma haka take, bai dai kawo abin a nan ba. Na dube shi da kyau, ban iya karanta fuskarsa ba.

"To yanzu yaya za a yi tambayar," in ji lokotoro, "ba tare da an sa su faɗi abin da ba sa faɗa ba?"

Na juya wa surukata. Ta ɗauki takalman tana mayarwa cikin mayafi.

"Ki ce musu, akwai wanda ba a faɗa? Za su gane."

Muka sake zagaye. Na shiga gidan kusurwa na gaisa, na ce, "Cikin waɗanda suka yi murar nan, akwai wanda ba a faɗa?" Matar ta yi murmushin kunya, ta nuna ɗakin mijinta da leɓe. Mai kitso ta nuna wata hula da ke rataye a ƙusa. Wata ta ce, "Mai butar can, shi ya riga mu." Wasu sun ƙi, suka ce sun gama magana tun zuwan farko, me kuma ake nema. Amma waɗanda suka amsa sun isa, kuma kusan duk wanda aka nuna, ƙafarsa tana mangaza.

Gidan maƙwabciyata na bari ƙarshe. Da na yi mata tambayar ta daɗe tana kallona. Sai ta zauna a bakin turmi.

"Ya dawo jikinsa zafi," ta ce a hankali. "Ya ɗauke ta yana yi mata wasa, yana hura mata ciki tana dariya."

Ta rufe fuska da zane. Na zauna kusa da ita, ina addu'a, ban kuma fita da wannan zuwa zaure ba sai abin da lokotoro ke bukata.

Lokotoro ya je mangazar da kansa. Mai gidana ya ba ni labari: ɗaki ne dogo mai ƙofa ɗaya ba taga, da safe sukan tura ƙofar saboda sanyi, masu awo da masu ɗinki da 'yan dako duk a cunkushe, numfashin wannan a fuskar wancan, direbobi kuma su kwana kan buhuna. Lokotoro ya sa aka fito da sikeli waje ƙarƙashin itatuwa, ya ce mai tari ya zauna gida. Mai mangaza ya yi ta gunaguni amma ba a rufe ba, ba a kuma kama kowa ba. A gaban mai gari lokotoro ya ce ba zai iya nuna mutum ɗaya ya ce shi ya kawo ba, ciwon numfashi yake bi, inda aka taru a rufe nan ya fi samun hanya, daga can maza suka kai wa iyalansu, daga gidaje ya fita ruga. Abin da surukata ta ji tsoro bai faru ba, don kusan kowane gida da nasa a ciki, yatsa kuwa ba ya nuna gari duka. Zaman Juma'a ya watse a kan maganar gyaran masallaci. Ruga ta zauna inda take.

Lokotoro ya tafi da kwalabensa, ba mu sake jin labarinsa ba. Masu cewa an sayar da jinin ba su fasa ba, har suka tsufa.

Mai nono dai ba ta dawo ba. Na aika mata da gaisuwa ta bakin masu zuwa rijiya, aka ce ta amsa da jam. Na aika da gero da kanwa, aka karɓa, ba saƙo. Surukata ta riƙa shan fura da ruwan tsamiya tana ɓata fuska, tana faɗa wa iska cewa wasu mutane fushinsu ya fi na raƙumi. Sanyi ya wuce, zafi ya fara, tari ya yi sauƙi a gari.

Wata rana da hantsi na ji 'yar siririyar sallama. Yarinyar ce tsaye a bakin tsakar gida, ta rame amma idonta garau, ludayi a hannu. Na leƙa ta zaure na hango uwar can a bakin hanya, ƙwarya a ka, ta ja gefen mayafi ta rufe hanci, tana kallon ƙofarmu kamar mai kallon rijiyar da ba ta san zurfinta ba. Na yi mata hannu, ba ta motsa ba. Na koma wajen yarinyar, na ce ta shigo inuwa ta huta, na je randa na kamfato mata ruwa. Ta dubi moɗar, ta mayar da hannuwanta baya.

"Inna ya ce kar in sha," ta ce. "Ya ce in tambaya, kun warke? In kun warke, mu shigo."